Rahoton ayyukan shekarar 2024 zuwa ga 'yan ƙungiyarmu ta masu rijiya da lambu, Marwa, Kamaru

Assalamu alaikum iyayenmu, 'yan uwa maza da mata. Ga abin da kwamiti ya yi bana, wanda bai iya karatu ba don Allah yara su karanta mai.

Aikin da ya fi cin mana lokaci shi ne awon rijiyoyi. Kowane farkon wata, da asuba tun kafin mata su fara ɗiba, samari biyu na zagayawa da igiya mai ƙulli a kowace mita, da ɗan ƙarfe a bakinta, a sake ta har a ji ta taɓa ruwa, a rubuta a littafi. Da farko mutane dariya suke, wai mun rasa aikin yi. To littafin nan ya nuna abin da tsofaffinmu suka daɗe suna faɗa, rijiyoyin da ke kusa da Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa garin Marwa, suna cika da damina amma daga watan Maris sai ƙasa, kafin Mayu guga sai laka yake kwasowa.

Wani zai ce ai bana ruwa ya yi yawa, ga ambaliyar da ta ci Yagwa da garuruwan bakin kogin Logon. Gaskiya ne, Allah ya mayar musu da alheri. Amma ruwan da ya zubo lokaci guda gudu yake ya wuce, ƙasa ba ta samun shan shi. Yashin cikin mayo shi ne randarmu, shi ke riƙe ruwa yana tsiyaya a hankali zuwa rijiyoyi, kuma shi ne manyan motoci ke kwasa dare da rana ana gini da shi. Mun kai kuka wajen lawan da jaurawa, wato masu sarautar gargajiya na unguwanni, sun saurare mu, muna jira.

Sai maganar da ba a so, foraj, wato rijiyar burtsatse, da motopomp, injin jan ruwa. Yanzu duk wanda ya samu 'yan kuɗi sai ya kira masu haƙa ya dasa shato, wato tankin ruwa na sama, a gidansa, ba ruwansa da rijiyar maƙwabci, masu albasa kuma tun daga Miskin har nan injin na kuka tun safe, kuma wallahi ba mu ga laifin neman abinci ba, da yawanmu da albasar nan muke biyan kuɗin makaranta, amma ruwan ƙasa ɗaya ne duka muke zuƙa. Shi ya sa muka yarda a taron rani ban ruwa ya koma safe da yamma kawai, ban da tsakar rana. Wasu sun bi, wasu sun san kansu.

Famfon ƙafa na kamfanin Vergnet da ke bakin masallaci an gyara shi da kuɗin asusu. Rijiyoyin da ambaliya ta shiga an yashe su an zuba kulorin, an kuma gargaɗi masu haƙa salga dab da rijiya, kwalara ba baƙuwa ba ce a yankin nan.

Baɗi in Allah ya kai mu za mu rubuta duk foraj ɗin unguwa da zurfinsa, mu kai meri, wato ofishin magajin gari. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taron Asabar bayan la'asar, iyaye mata ku zo da yawa tunda ku ne a bakin rijiya, za a sake zaɓen mai riƙe makullin famfo.