Harshe Ba Riga Ba Ce Kawai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a jaridarka in amsa wa marubucin da ya ce harshe riga ce da tunani ke sakawa, ko an cire ta an sa wata, gaskiyar abu na nan yadda take. Tun wajen shekarar 932 aka gwabza kan wannan magana a Bagadaza, a majalisar waziri Ibn al-Furat.

Abu Bishr Matta, Kirista mai fassara littattafan Aristotal, masanin falsafar Girka, daga Suryanci zuwa Larabci, shi ya tsaya wa mantiki, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja. A ganinsa mai mantiki ma'ana yake bi, lafazi kuwa hurumin masu nahawu ne, domin huɗu da huɗu takwas ne a wurin kowace al'umma. Abu Sa'id al-Sirafi, mai sharhin littafin nahawun Larabci na Sibawaihi, ya ce masa ba kowane al'amari ne a fili kamar lissafi ba. Ya kuma yi masa gori cewa bai ma iya Girkanci ba, fassarar fassara yake koyarwa. Daga nan ya tambaye shi ma'anonin harafin wawu a Larabci, Matta ya kasa amsawa.

A kan wawun nan, ni dai ban ba Sirafi gaskiya ba. Kunyata mutum a gaban waziri bai rushe mantiki ba, balle labarin ta hannun Abu Hayyan al-Tauhidi, ɗalibin Sirafi, ya iso mana, shi kuwa inda zuciyarsa ta karkata ba ɓoyayye ba ne. Daga baya masanin falsafa al-Farabi ya raba gardamar: nahawu na gyara lafazin al'umma guda, mantiki na gyara tunanin kowa.

Amma hujjar Sirafi ta farko har yau da ƙarfinta. Alƙali bai ga lokacin da aka miƙa gona ba, bakin shaidu kawai yake da shi. Wannan ya ce aro ne, wancan ya ce jingina, magada suka ce kyauta. Gona ɗaya, miƙawa ɗaya, amma abin da aka furta a ranar shi zai nuna mai ita, har jikoki. A irin wannan, furucin yana cikin abin da ya faru, ba lulluɓi aka yi masa daga baya ba.

Don haka ina roƙon marubucin ya dawo ya gaya mana, in harshe riga ce, me ya rage na aure ko alkawari idan aka cire ta?

Wassalam.

Mai karatunku daga Zariya