Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban ƙaramar hukumarmu kan ƙungiyar da ta manta hanyar raga

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo, ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta addabi Zamfara. Na san batun tsaro da albashi da taki sun isa su hana ka barci, don haka ba zan ja ka da nisa ba. Maganar ƙungiyar ƙwallonmu ce, wadda ƙaramar hukuma ke ɗaukar nauyinta a gasar NLO, mataki na uku a gasannin ƙwallon Najeriya, wadda kuma kai da bakinka ka ce kai ne ubanta.

Yallaɓai, yaran nan ba sa cin ƙwallo, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ko hanyar cin ba a koya musu ba. Rashin sa'a daban, rashin dabara daban. Wanda ya kai hari ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo, shi ake ce wa bai yi sa'a ba. Mu kuwa sai a tafi hutun rabin lokaci golan abokan karawa bai faɗi ƙasa ko sau ɗaya ba, rigarsa fes ko ƙura babu.

Ga yadda wasanmu yake, kowane mako. Gola ya kama, ya daka ta sama. Lamba biyar ya samu, ko ɗaga kai bai yi ba, ya cilla ta gaba. Can lamba tara na tsaye shi kaɗai tsakanin ƙarti biyu, ya yi tsalle, in ma ya taɓa ta da ka babu wanda ya biyo bayansa ya tsince ta. 'Yan tsakiya uku duk masu tarewa ne, ƙwallo na wuce su ta sama, suna bin ta da ido. Lamba bakwai da lamba sha ɗaya an umarce su su dawo taya 'yan baya, to ko sun ƙwaci ƙwallo, raga ta yi musu nisa, numfashi ya ƙare kafin su isa. Lamba biyu da lamba uku kuwa ba sa ƙetare layin tsakiya. In an samu kwana, bugu iri ɗaya ne, kai tsaye hannun gola. Duk kocin da ya kalle mu minti goma ya gama karance mu.

Kuma ba yara muka rasa ba. Akwai wani ɗan siririn yaro da ke zaman benci, wai ba shi da jiki. Ba a tuna shi sai an ci mu, saura minti goma a tashi. Na ga ranar da aka sa shi: ƙwallo ta zo masa, ya kwantar da ita da cikin ƙafa, ya waiga, ya zura ta tsakanin 'yan baya biyu. Fili ya ɗauki ihu. Amma babu wanda ya ruga, domin ba a taɓa nuna musu a atisaye cewa irin wannan fasin na zuwa ba. Ƙwallo ta gangara waje, koci ya daka wa yaron tsawa wai me ya hana shi ɗaga ta sama.

Wa ya ce sai ƙato ke cin ƙwallo? Ahmed Musa ba ƙato ba ne lokacin da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Pillars ɗin da ta ɗauki kofin Firimiya sau uku a jere, 2012 zuwa 2014, tana da Rabi'u Ali a tsakiya yana raba ƙwallo. Mu nan irinsa za mu ajiye a benci.

Ban rubuto don a kori koci ba, ranka ya daɗe, domin ciwon ya fi ƙarfinsa. Mutumin da aka kira ana saura 'yan makonni a fara gasa, aka kuma raɗa masa cewa da ya sha kashi sau biyu ya tattara kayansa, me zai koyar ban da tare gida? Tare gida ana iya koyar da shi cikin mako guda. Kai hari kuwa sai an daɗe ana maimaitawa, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ruga ba tare da ya duba ba. Ga kuma takardun manya: wannan yaron kansila ne, wancan ɗan gidan wane ne, dole a sa su. Idan an gama biyan buƙatar kowa, ina gurbin lamba goma?

Lissafin ma bai goyi bayan wannan tsoro ba. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. Wanda ya yi canjaras uku a jere da wanda ya ci wasa ɗaya ya faɗi biyu, makinsu daidai yake, uku-uku. A gasar da na saman rukuni ne ke wucewa, babu mai hawa NNL, gasar da ke gaba da tamu, da tara canjaras.

Ka tuna ranar da ka raba riguna, ka ce a zamaninka ƙungiyar nan za ta hau mataki na gaba, za a kawo ƙwararren mai horarwa, za a gyara fili. Mun tafa maka har hannu ya yi zafi. Rigunan sun koɗe, filin yana nan da kwazazzabansa. A ƙasar da ƙwallo ke tsalle tana canza hanya, ko wanda ya iya fasin ƙasa dole ya koma ɗagawa sama.

Mu da muka kalli Zamfara United a filin Sardauna da ke Gusau tana karɓar Enyimba da Pillars, kafin ta sauka daga Firimiya a 2011, mun san 'yan jihar nan sun iya taka leda. Don Allah, don Annabi, kada a kashe wa yaran nan zuciya. Da yawansu filin nan ne ke raba su da zaman banza a lokacin da kowa ya san inda zaman banza ke kai matashi a Zamfara.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinka ba. A ɗauki koci mai lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, tun watanni kafin gasa, a ba shi kaka biyu a rubuce, a bar shi ya zaɓi 'yan wasansa, ka kuma faɗa a bainar jama'a cewa daga yau babu takardar kowa, har da taka. A kawo gireda ta daidaita fili kafin damina ta sauka. Batun alawus da ake biya a makare da motar da ke mutuwa a hanya, ka san su, ba sai na maimaita ba.

Wasanmu na gida na gaba, ka zo ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga da kanka sau nawa za mu buga ƙwallo ta nufi raga. Bayan an tashi ka kira koci da kwamiti ka tambaye su dalili.

Wassalam. Naka mai biyayya, ɗaya daga cikin magoya bayan ƙungiyar.