Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: Ana Koya Wa Yaranmu Faransanci Da Jamusanci Ba Tare Da Karatu Ba

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Magana ɗaya ce ta kawo mu. Ana koyar da Faransanci a makarantunmu, ana koyar da Jamusanci a wasu jami'o'i da cibiyoyi, amma ba a koya wa ɗalibai yadda za su fahimci rubutu a waɗannan harsuna. Yaro zai shekara uku a ƙaramar sakandare yana rera "je suis, tu es, il est" kamar waƙa, a miƙa masa takarda mai layi takwas a ce wa ya yi me, sai ya sunkuyar da kai. Laifin ba nasa ba ne. Babu littafin labari a hannunsa, kuma babu lokacin karatu a jadawalinsa. Abin da yake da shi kawai shi ne jerin kalmomin da ya kwafa daga allo.

Ka san tarihin fiye da mu. A 1991 aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry. A 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, daga baya aka sa shi cikin manufar ilimi ta ƙasa. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk suna aiki da shi. Ɗan kasuwar da ke ƙetarawa daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙonni, takardun kwastan na Faransanci ake miƙa masa. Bayan duk waɗannan shekaru, ɗan da ya sa a makaranta ba zai iya karanta masa su ba. Ina alkawarin ya kwana?

Ga inda gizo ke saƙa. Faransancin baki daban, na takarda daban. "Il parle" da "ils parlent" furucinsu ɗaya ne, amma na farko mutum ɗaya ne ke magana, na biyu jama'a ne, kuma ido kaɗai ke ganin bambancin. Sautin o guda ana rubuta shi o, ko au, ko eau. Littattafan labari suna cike da siffar aikatau da ba a amfani da ita a hira, irin su "il fut" da "il alla", don haka yaron da aka rene shi da gaisuwa da tattaunawa kaɗai zai ci karo da bango a shafin farko. Sai ƙananan kalmomi irin su lui, leur, y da en, waɗanda ke komawa ga wani abu da aka ambata a baya. Wanda bai saba bin sawunsu ba zai iya sanin ma'anar kowace kalma a sakin layi, amma bai san wa aka bai wa kuɗin ba.

Jamusanci ya fi sauƙin furtawa daga rubutu, kusan kamar Hausa, kuma wannan sauƙin shi ke yaudarar malami. Ɗalibi zai karanta tiryan-tiryan a tafa masa, alhali bai gane komai ba. "Der Hund beißt den Mann" da "Den Mann beißt der Hund" duk kare ne ya ciji mutum. Ba jerin kalmomi ke nuna mai cizo ba, der da den ne. Bayan kalmomin haɗi irin su weil (domin) ko dass (cewa) aikatau yana komawa ƙarshen jimla, wanda ya tsaya a tsakiya bai ga aikin ba tukuna. Wani aikatau ma rabewa biyu yake yi: hören shi ne ji, aufhören shi ne dainawa, kuma wannan auf ɗin yana iya zuwa bayan kalmomi goma ya juya ma'anar gaba ɗaya. Dogayen kalmomi kuwa daga ƙarshe ake kwance su. Krankenhaus gida ne na marasa lafiya, wato asibiti, Haustür kuma ƙofa ce ta gida. Ba a samun wannan da hadda. Da yawan karatu ake samu, tare da malamin da ke nuna wa ɗalibi inda zai sa ido.

Ranka ya daɗe, muna roƙonka ka dubi abin da darasi ɗaya na minti 40 zai iya yi. Malami ya zo da rubutu mai kalmomi 80 zuwa 120 ga masu farawa. Minti biyar a duba take da hoto, a koyar da sababbin kalmomi da ba su wuce biyar ba. Minti goma kowa ya karanta a zuci, domin karatu da ƙarfi tun farko yana janye hankalin yaro zuwa furuci ya bar ma'ana. Sannan su sake karantawa bibbiyu da fensir a hannu, suna ja layi daga kowane wakilin suna zuwa sunan da yake wakilta, suna zagaye kalmomin haɗi irin su mais, donc, pourtant, ko aber, weil, deshalb. Daga nan sai tambayoyi, kuma a nan yawancin littattafanmu suke faɗuwa. Tambayar da yaro zai amsa ta hanyar nemo kalma mai kama da ita ya kwafe layin ba ta auna fahimta. A tambaye shi me ya sa, me ya fara faruwa, me zai biyo baya. A minti biyar na ƙarshe a rufe takarda, ya ba da labarin da Hausa ko harshen gidansu. Wanda ya gane zai faɗa, wanda bai gane ba malami ya gano shi a ranar, ba sai ƙarshen zango ba.

Sharaɗin shi ne rubutun ya dace da matakin yaro. Binciken masana koyon harshe ya nuna mai karatu na buƙatar sanin kalmomi 95 zuwa 98 cikin kowace 100 kafin ya iya tafiya shi kaɗai. Idan baƙin kalmomi suka kai goma sha biyar a cikin ɗari, karatu ya koma binciken ƙamus, yaro ya gaji ya ajiye. Abin da muke nema ke nan: akwati ɗaya na ƙananan littattafai masu hawa-hawa a kowane aji, kamar guda 40, su riƙa zagayawa hannu-hannu, da darasi ɗaya a mako wanda aka keɓe wa karatu kawai. A rubuta labaran a nan gida, a kan kasuwa da gona da tashar mota, don yaro ya yi fama da harshe kaɗai, ba harshe da baƙuwar rayuwa a lokaci guda ba.

Dole mu tuna maka wani abu. A 2022 gwamnati ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma aka soke wannan manufa. Yaron da ya iya karanta Hausa yana fahimta ya riga ya san yadda ake neman jigon labari, ya san jinsin namiji da mace a suna, har zai yi murna ya ga rana mace ce, wata namiji ne a Jamusanci kamar yadda suke a Hausa, a Faransanci kuma akasin haka. Wannan ƙwarewar ce yake ɗauka ya shiga da ita sabon harshe. Gwajin shekara shida na koyar da yaran firamare da Yarbanci da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun 1970 ya riga ya nuna amfanin hakan. Wanda bai fahimci rubutu a harshe ko ɗaya ba, me zai ɗauka ya tafi da shi harshe na uku?

Masu jarrabawar waje ba sa sassauci. A DELF, wato jarrabawar shaidar iya Faransanci, karatu yana da maki 25 cikin 100, kuma wanda ya gaza samun 5 a cikinsa ya faɗi ko da bakinsa ya fi na kowa. A jarrabawar Jamusanci ta cibiyar Goethe, matakin B1 (matsakaicin mataki), sashen karatu minti 65 ne, sai an sami 60 cikin 100. Matasanmu masu neman karatu ko aikin jinya a Jamus suna biyan kuɗi masu yawa su tarar da wannan.

Akwai batun ƙarancin malamai, da horon da ake ba su a kwalejojin ilimi, da cunkoson aji, za mu zo kansu wani lokaci. A yanzu, don Allah, ka umarci hukumar tsara manhaja ta sa darasin karatu na mako-mako cikin jadawalin Faransanci, a kuma sa kuɗin akwatunan littattafai a kasafin baɗi.

Allah ya taimake ka.

Daga wasu malaman Faransanci da Jamusanci.