Amsa ga ɗalibina kan kofin UConn na 2023: na Hurley ne ko na yaransa?

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fata kana lafiya, da iyali, da yaran da kake horarwa.

Ranar Asabar da ta wuce, a shirin wasannin da aka gayyace ni a gidan rediyo, ka bugo waya ka jefo min tambaya, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ka amsa. Cewa ka yi na cika yabon Adama Sanogo, ɗan wasan ƙwallon kwando da ya ci kofin jami'o'in Amurka na 2023 da Jami'ar Connecticut, wato UConn, alhali ko ƙungiya ɗaya ta NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ba ta zaɓe shi ba, kuma bayan ya bar jami'ar kocinsu Dan Hurley ya sake cin kofi ba tare da shi ba. Don haka, in ji ka, kofin 2023 aikin koci ne, 'yan wasa kuwa ko wa aka sa zai yi. Tunda a gaban jama'a ka tambaya, a gaban jama'a zan amsa maka.

Abubuwa biyun da ka kafa hujja da su duk gaskiya ne. An kira sunayen mutum 58 a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NBA suka yi a 2023, ba a kira Sanogo ba. UConn kuma ta sake ɗaukar kofi a 2024, ta doke Purdue da ci 75 da 60. Inda muka rabu da kai shi ne abin da ka ciro daga cikinsu. Kuma don ka gane dalilina, sai mun koma watan Janairun 2023, watan da masu kallon guntayen bidiyo a waya ba su san da shi ba.

UConn ta fara kakar da cin wasa 14 a jere. A watan Nuwamba ta je Portland ta lallasa Oregon da Alabama da Iowa State, har ta hau matsayi na biyu a duk Amurka. Ranar 31 ga Disamba ta je gidan Xavier aka doke ta 83 da 73, a wasan da alƙalai suka hukunta Hurley kansa kan musu da su ana dab da tashi. Daga nan ƙasa ta zame musu. Cikin wasa takwas suka sha kashi a shida: Xavier sau biyu, Providence, Marquette, St. John's a gaban 'yan kallonsu a Hartford, sai Seton Hall da maki ɗaya tal. Koci bai canja ba, littafin dabarunsa bai canja ba. In da tsarin Hurley ne kaɗai ke cin wasa, me ya same shi a wannan wata?

Abin da ya faru shi ne kociyoyin gasar Big East, rukunin jami'o'in da UConn ke bugawa a ciki, sun gano tsagar bango, ƙadangare kuma ya samu wurin shiga. Andre Jackson, wanda shi ne zuciyar ƙungiyar wajen gudu da tsaro da raba ƙwallo, ba gwanin jifar nesa ba ne. Sai abokan hamayya suka daina tsare shi. Mai tsaronsa ya ja da baya ya tsaya kusa da kwando, ya zama mutum biyu ke kan Sanogo, hanyar da Jordan Hawkins, gwaninsu na jifar nesa, ke bi ya fito ya karɓi ƙwallo ita ma ta cushe. Jackson na tsaye shi kaɗai a waje, ƙwallo a hannu, ɗakin wasa gaba ɗaya na jiran ya jefa ya ɓarar. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallo ya san irin nauyin da wannan ke ɗora wa yaro a zuciya.

A nan ne Hurley ya yi aikin da nake ganin girmansa a kai, kuma ba irin aikin da kake nufi ba ne. Bai ajiye Jackson a benci ba, bai kuma matsa masa sai ya zama abin da ba shi ba. Sauya masa wurin tsayuwa aka yi: ya daina jira a bayan layin maki uku, ya riƙa kutsawa ta bayan masu tsaro, yana tsayawa a gindin kwando, yana tare wa Hawkins hanya, yana miƙa ƙwallo yana wucewa. Wanda ya ƙi tsare shi, sai ya waiga ya tarar ya riga ya zura. Hurley ya kuma rage faɗa da alƙalai, ya mai da hankali kan yaransa. Wato koci ne ya lanƙwasa tsarinsa ya bi 'yan wasan da Allah Ya ba shi. Daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen kaka sau biyu kacal aka ƙara doke su, Creighton da maki uku, Marquette da maki biyu.

Yanzu bari mu zo kan mutumin da ka ce ko wa aka sa zai yi abin da ya yi.

Gasar NCAA, wato gasar kofin jami'o'in Amurka, ƙungiya 68 suka shige ta a 2023, kuma faɗuwa ɗaya ce, ka tattara ka koma gida. Kafin 2023 Hurley ya kai UConn gasar sau biyu, sau biyu ana fitar da shi a wasan farko: Maryland a 2021, New Mexico State a 2022. Ranar 17 ga Maris a Albany, aka tafi hutun rabin lokaci Iona ta koci Rick Pitino na gaba da 39 da 37. Da an ci su a daren nan, da ba wanda zai kira Hurley gwani a yau, sai dai a ce ɗan Bob Hurley, tsohon kocin makarantar St. Anthony ne, ƙanen Bobby Hurley, tsohon ɗan wasan Jami'ar Duke, wanda ya gaji suna bai gaji sa'a ba. Da aka dawo, Sanogo ya ci maki 22 a rabi na biyu kaɗai, ya tashi da 28, ya cafe ƙwallo 13 daga waɗanda suka dawo daga kwando. Aka tashi 87 da 63. Bayan kwana biyu ya zuba wa Saint Mary's 24.

Ka sake kallon waɗannan wasanni, amma kada ka bi ƙwallo da ido, ka bi ƙafafunsa. Kafin ƙwallo ta tsallako tsakiyar fili ya riga ya isa gindin kwando, ya sa ƙugu ya danne mai tsaronsa a baya, ya ɗaga hannu ɗaya yana nuna inda yake so a ba shi. In ta zo, ba ya gaggawa. Kafaɗa ɗaya zai motsa, mai tsaro ya tashi sama, shi kuma ya juya ta ɗaya gefen ya ajiye ta a allo a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Yaro ne da ya tashi a Bamako yana buga ƙwallon ƙafa kafin ya koma ta kwando, kuma wannan tashin na nan a tafin ƙafarsa. Babu allon dabarun da ke koya wa mutum wannan a dare ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai azumi ya kama ana tsakiyar gasa. Sanogo da Hassan Diarra da Samson Johnson, ɗan Togo, suka ɗauka. Wasansu da Arkansas a Las Vegas ranar 23 ga Maris da rana aka fara shi, kafin a sha ruwa, Sanogo ya ci 18, aka tashi 88 da 65. Gonzaga ta sha kashi 82 da 54. A Houston, wasan kusa da na ƙarshe da Miami, mintoci kaɗan ne tsakanin faɗuwar rana da fara wasa. Ya ɗan sa abu a baki, ya shiga fili, ya buɗe da jifa biyu masu maki uku, shi da ake ganin aikinsa gindin kwando ne kawai. Ya gama da maki 21. Ba ina cewa azumi ne ya ci musu wasa ba, kuma na san malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa matafiyi. Abin da nake so ka gani shi ne, wannan shawara ce da yaro ɗan shekara 21 ya yanke da kansa, ya ɗauki nauyinta a jikinsa, a makon da ya fi kowane muhimmanci a rayuwarsa ta wasa. Ba Hurley ne ya tsara masa ba.

Wasan ƙarshe da San Diego State, wajen ƙarfe biyu da minti ashirin na dare aka fara shi a agogonmu. Ni kaɗai ne a tsakar gida, waya jingine da butar shayi, na rage murya don kada in tashi yara. UConn ta yi nisa, sai San Diego ta riƙa cin tazarar kaɗan-kaɗan har ya zama 60 da 55, saura kusan minti biyar. Uwargida ta fito ɗora sahur ta tarar da ni a tsaye, na kasa zama. Sai Hawkins ya zagayo ta bayan abokansa, ya karɓa, ya saki tun ƙafafunsa ba su gama daidaita ba. Ta shiga. An tsara masa hanyar, na yarda. Amma hannun nasa ne, kuma da ya ɓarar babu wanda zai tuna kyawun tsarin. Aka tashi 76 da 59, Tristen Newton na da maki 19, Sanogo 17, aka ba Sanogo kyautar gwarzon zagayen ƙarshe. Irin kyautar da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya karɓa a 1983, da Emeka Okafor a wannan jami'a ta UConn a 2004. Wasa shida, babu wanda suka ci da ƙasa da maki 13. Na ci sahur ana kiran assalatu, ban ma san abin da na ci ba don murna.

Batun NBA kuwa, a taƙaice: kasuwa ce daban mai ma'auni daban. Sanogo ƙafa 6 da inci 9 ne, gajere a matsayinsa a can, inda ake neman dogon da zai tare kwando ko ya bi ƙananan 'yan wasa da gudu har waje. Ba sa sayen abin da ka yi jiya, abin da suke hasashen za ka yi gobe suke saye. Shi ya sa New Orleans ta ɗauki Hawkins a lamba 14, Jackson ya tafi Milwaukee, Sanogo kuwa ya shiga Chicago Bulls da ƙaramar yarjejeniya. Wannan bai goge maki 118 da ya ci a wasa shida ba.

Kofin 2024 da ka kafa hujja da shi, duba waɗanda suka ci shi. Newton na nan, shi ne ma gwarzon zagayen ƙarshe na shekarar. Alex Karaban na nan. Donovan Clingan, mai ƙafa 7 da inci 2, shekara guda ya yi yana fitowa daga benci a bayan Sanogo, kullum suna gwabzawa a atisaye, kafin ya gaji gurbin. Diarra da Johnson na nan. Aka ƙaro Cam Spencer daga Rutgers da Stephon Castle, wanda San Antonio ta ɗauka a lamba 4, Clingan kuma Portland ta ɗauke shi a lamba 7. Waɗannan ba "ko wa" ba ne. Sun ci wasa 37, an ci su uku. To da su Newton da Clingan da Castle da Spencer suka tafi fa? Hurley na nan daram, har ya ƙi tayin Los Angeles Lakers don ya zauna. A Nuwamban 2024 aka doke su sau uku cikin kwana uku a Maui, a Maris kuma Florida ta fitar da su a zagaye na biyu, 77 da 75. Ban raina Hurley ba ko kaɗan. Gano yaron da zai dace da ɗan'uwansa, da haƙurin rainonsa, da yarda ka gyara kanka in ka ga kai ne matsalar, duk aikin koci ne, kuma ya iya. Amma kowane ɗaya daga cikinsu yana farawa ne daga ganin darajar ɗan wasa.

Ƙanena, ba don Sanogo na zauna na rubuta wannan doguwar wasiƙa ba, bai san ni ba, ba ya bukatar in kare shi. Don kai na rubuta. Kwanakin baya na biyo ta filinku da yamma, na tsaya a bakin waya ban yi sallama ba. Na ga dogon yaron nan naka, mai silifas ɗin da aka ɗaure da igiya, ka tsayar da shi a waje kana ta sa shi jifar nesa saboda haka zanenka ya ce. Ya ɓarar sau huɗu, kana daka masa tsawa, kana buga ƙafa, kana yarfa hannu irin na Hurley. Yaron ya sunkuyar da kai, daga nan ko neman ƙwallo bai ƙara yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ga ka kwaikwayi Hurley na ranar 31 ga Disamba, ka bar Hurley na watan Fabrairu. Amma kafin haka, sau biyu na ga yaron ya sa ƙugu ya danne abokinsa a gindin kwando ba tare da kowa ya koya masa ba, ya ɗaga hannu, ba wanda ya ba shi.

Ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan zo filin bayan la'asar. Ina da rabi na biyu na wasan Iona a wayata. Ka ce wa yaron ya zo da wuri, mu zauna mu uku a kan bencin nan mu kalla, sannan ka tsayar da shi a gindin kwando ka sa a riƙa ba shi ƙwallo. Akwai takalmin babban ɗana da ya yi masa kaɗan, lamba 45, zan zo da shi mu gwada.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Tsohon kocinka