Wasiƙa daga ƙasar Ringim: yaya jikin Wikidata?

Ƙasar Ringim, Jihar Jigawa
Nuwamba, 2025

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya baƙunta, ya kuma haƙuri da cimar mutanen Malesiya? Nan gida kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko hanyar gida ce ta ɓace maka. Gero ya shiga rumbu tuni, ana kan yankan dawa, masu riɗi da zoɓo kuma bakinsu har kunne. Sanyi ya fara leƙowa da asuba. 'Yarka ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a tsakar gida.

Saƙonka ya iso. Na ji daɗi da malaminka ya yarda ka yi aikin digirinka a kan kasuwannin mako na Kano da Jigawa, domin abu ne da kowa ya sani a ka amma ba a rubuce yake wuri guda ba. Ka tambaye ni ko Wikidata, rumbun bayanan nan na intanet da kowa zai iya gyarawa, tana da lafiyar da mutum zai jingina aikin shekara uku a kanta, ko kuwa ta fara mutuwar tsaye. Amsata ita ce jikin da ƙarfinsa, amma akwai ciwo a wuri ɗaya, kuma wurin shi ne wanda aikinka zai fi taɓawa. Bari in warware maka.

Abubuwa uku ne mutane suke haɗawa su kira da suna ɗaya. Akwai bayanan kansu, wato Wikidata, wadda ƙungiyar Wikimedia ta Jamus ta buɗe a watan Oktoba na 2012. Akwai manhajar da take riƙe da bayanan, ita ce Wikibase, kuma kyauta ce, kowa zai iya ɗauka ya kafa tasa. Sai kuma injin da yake amsa tambayoyi, wanda ake kira Blazegraph. Idan ka ji wani yana cewa aikin yana bunƙasa, wani kuma yana cewa yana cikin haɗari, duk gaskiya suka faɗa, kowa dai da ɓangaren da yake kallo.

Ka san tushen abin, amma bari in tuna maka tunda ka daɗe da barin wannan fagen. Tun wajen 2001 Tim Berners-Lee da abokan aikinsa suke kiran a rubuta bayanai a intanet ta yadda kwamfuta za ta gane alaƙar da ke tsakanin abubuwa, ba ta tsaya ga haruffa kawai ba. Dabarar ita ce a karya kowace magana zuwa gaɓa uku: abu, alaƙa, da abin da alaƙar ta kai gare shi. Ringim, tana cikin, Jigawa. Jigawa, an kafa ta, 1991. Jigawa, babban birninta, Dutse. Kowane abu yana da lambarsa, Najeriya ita ce Q1033, alaƙar "ƙasa" kuma P17, saboda haka Bajamushe da Bahaushe suna nuna abu ɗaya ko da ba sa jin maganar juna. Tsarin rubuta waɗannan gaɓoɓi shi ne RDF, harshen yi musu tambaya kuma SPARQL, wanda W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar a 2008. Ka riƙe sunan SPARQL ɗin nan, zan dawo kansa.

Ta fuskar bayanai, ba abin da zan ce sai madalla. Abubuwan da ke ciki sun haura miliyan 110, gaɓoɓin nan masu uku-uku kuma sun wuce biliyan 15. Dukkansu a ƙarƙashin lasisin CC0 suke, ma'ana ka ɗauka ka yi abin da ka ga dama, ba wanda zai biyo ka bashi, kuma ana fitar da kwafin rumbun gaba ɗaya a kai a kai ga duk mai son saukewa. Wannan ne ya sa hankalina yake kwance. Ka tuna Freebase, wani rumbun bayanai irin wannan? Google ta saye ta a 2010, ta rufe ta a 2016, aka kwashe abin da za a iya kwashewa zuwa Wikidata. Abin da yake hannun kamfani ɗaya, ranar da lissafin kamfanin ya canza ranar ce zai tashi. Wikidata kuwa ko da masu riƙe da ita sun gaji, kwafinta yana hannun jami'o'i da ɗaiɗaikun mutane a ƙasashe da yawa. Manhajar Wikibase ma ana kula da ita, akwai ma'aikata a Jamus da aikinsu ke nan, har sun buɗe Wikibase Cloud inda za ka kafa taka rumbun ba tare da ka sayi sabar, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe shi, ba.

To ga inda gizo yake saƙa. An fara hidimar amsa tambayoyi a 2015, aka ɗora ta a kan Blazegraph, wanda a lokacin manhaja ce mai rai da masu gininta a tsaye. Wajen 2018 masu ginin suka koma Amazon, aka shiga aikin wani rumbu na kamfanin mai suna Neptune, Blazegraph kuma aka bar shi a inda yake. Lambobinsa, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, suna nan a buɗe, ba wanda ya kulle su, kowa yana iya karantawa. Amma buɗewar ba ta gyara komai idan babu mai zama ya gyara. Ka tuna famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallacin Juma'armu? Na kowa ne, ba a taɓa sa masa kwaɗo ba, amma tun da makanikin da ya san cikinsa ya koma Kano, duk sanda ya tsaya sai dai a ɗaure da roba a ci gaba da lallaɓawa, ga kuma masu ɗiban ruwa suna ta ƙaruwa. Haka ma'aikatan Wikimedia suke yi da Blazegraph shekara da shekaru, suna toshe nan suna ɗaure can, bayanai kuma kullum hauhawa suke.

Ni kaina ina jin wannan a jikina. Da yamma bayan an tashi daga makaranta nakan zauna a gindin dalbejiyar bayan ofis, domin nan ne sabis yake tsayawa, in buɗe shafin tambayoyi a waya. In na nemi ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da hedkwatar kowacce, kafin in gyara zama amsa ta fito, har da taswira in na so. Amma ran nan na nemi duk wani ƙauye da ke ƙarƙashin jihohin Arewa wanda ba shi da suna da Hausa. Abin ya yi ta juyawa, ina kallon agogonsa yana ƙirga daƙiƙu, da ya kai 60 sai ya yanke ya ce lokaci ya ƙare. Ƙa'ida ce, duk tambayar da ta wuce minti ɗaya ana datse ta, don kada mutum ɗaya ya shaƙe injin. Sai da na yayyanka tambayar jiha-jiha sannan ta wuce. Kai kuwa irin tambayoyin da za ka yi ke nan, masu bin kasuwa zuwa gunduma, gunduma zuwa ƙaramar hukuma, a haɗa da ranar ci da nisan da ke tsakani.

Ba a naɗe hannu ba dai. A 2022 an auna wasu injuna huɗu da za su iya maye gurbinsa: Apache Jena, da RDF4J, da Virtuoso, da QLever wanda ake ginawa a Jami'ar Freiburg ta Jamus. A bana kuma aka yi wa rumbun tiyata, aka raba shi biyu. Bayanan maƙalolin bincike na ilimi, waɗanda su kaɗai sun kusa cinye rabin gaɓoɓin, aka ware musu gidansu daban, sauran duniya kuma aka bar ta a babban gida. Wanda yake buƙatar ɓangarorin biyu sai ya rubuta tambayar da za ta leƙa nan ta leƙa can. Masu bin diddigin wallafe-wallafen masana sun ji jiki, don dole suka sake rubuta tambayoyinsu da yawa. Mu masu garuruwa da kasuwanni mun ɗan samu sarari. A ganina wannan sayen lokaci ne, ciwon yana nan, tunda har yau Blazegraph ɗin ne a ƙarƙashi. Na gwada QLever da kwafin Wikidata da suka ɗora, saurinsa ya ba ni mamaki. Sai dai amsa tambaya da sauri abu ɗaya ne, bin gyare-gyaren da dubban mutane suke yi a kowane minti ba tare da an bar ka a baya ba kuma wani abu ne daban, kuma nan ne kowane magaji zai sha jarrabawa.

In kana son misalin aikin da ya tsallake irin wannan rami, ka duba Jena. A ɗakin binciken kamfanin HP da ke Bristol ta Ingila aka fara ta a 2000. Da kamfanin ya janye, ba a bar ta marainiya ba, aka miƙa ta ga gidauniyar Apache, ta zama cikakken aiki a can a 2012, kuma har yanzu ana fitar da sababbin juyi, wato sababbin fitowar manhajar da aka yi wa gyara. Ni abin da nake dubawa ke nan in ana maganar lafiyar manhaja: yaushe aka fitar da juyi na ƙarshe, mutum nawa ne suke taɓa lambobin, in ka kai ƙarar matsala akwai mai amsawa? Ita ma Jenar hannayen da suke ɗauke da ita ba su da yawa, wannan kuma yana ɗan damuna.

Akwai wani ciwon kuma da ba na inji ba, namu ne. Da yawa daga ƙauyukanmu da ke cikin Wikidata ba ɗan ƙasa ne ya shigar da su ba. Wata manhaja ce ta kwaso su daga rumbun sunayen wurare na GeoNames ta zuba a Wikipedia ta harshen Sebuwano na ƙasar Filifin, daga can suka gangaro. Sai ka tarar da ƙauye ɗaya ya fito sau biyu da rubutu daban-daban, ba bayani, ba gunduma, wani lokaci ɗigon taswirar ma yana tsakiyar gonar wani. Na taɓa zama da mai unguwarmu, na nuna masa sunaye biyu a waya, na ce ranka ya daɗe, waɗannan gari biyu ne ko ɗaya? Ya sa tabarau ya duba, ya yi dariya ya ce ɗaya ne, na biyun tsohon mazauni ne da aka tashi daga shi saboda ambaliya tun yana yaro. Ka ga wannan ba inji ne zai faɗa maka ba, kuma ko da na sani, sai na samo madogara a rubuce kafin maganar ta zauna da gindinta. Kasuwannin ma haka za ka tarar. Kowa ya san Maigatari ranar Alhamis take ci, Gujungu Lahadi, Wudil Juma'a, kuma waɗannan manya za ka samu rubutu a kansu. Ƙananan kasuwannin da matanmu suke kai daddawa da man gyaɗa kuwa, sai ka yi da gaske.

Kada in manta, a 2021 an sa Hausa cikin 'yan harsunan da aka zaɓa don gwajin Abstract Wikipedia, tare da Ibo da Dagbani da Bengali da Malayalam. Burin shi ne a rubuta bayani sau ɗaya, kwamfuta ta fitar da shi a harsuna da yawa. An buɗe Wikifunctions a 2023 don wannan, amma tafiyar ta hawainiya ce, kada ka sa ta a lissafin digirinka.

Shawarata ke nan. Ka yi aikin, kada ka fasa. Duk kasuwar da kake da madogara a kanta, ka shigar da ita Wikidata don kowa ya amfana. Abin da ka tattaro da bakinka daga sarakunan kasuwa da dillalai, wanda ba a wallafa ba tukuna, ka ajiye shi a taka rumbun, ko a Wikibase Cloud ko a Fuseki, injin amsa tambayoyi na Jena, wanda zai zauna a kwamfutarka ta cinya ba tare da intanet ba. Ka haɗa su ta lambobin Q. Abu mafi muhimmanci, ka rubuta tambayoyinka da tsantsar SPARQL gwargwadon iko, ka rage dogaro da 'yan dabarun da Blazegraph kaɗai ya sani, irin hidimar nan mai kawo sunaye da kanta. Ranar da aka sauya inji, waɗannan ne za su fara karyewa. Kuma duk wata ka sauke kwafin abin da ya shafe ka ka adana.

In ka shirya jerin kasuwannin da kake so, ka turo mini. Na masarautar Ringim da na Gumel zan iya zagayawa da babur a hutun ƙarshen zango, in ɗauko maka ranar ci da ɗigon taswira. Na Haɗeja sai dai mu nemi wani, ya yi mini nisa. Kuɗin mai kuma a wuyanka yake, kada ka ce ban faɗa ba.

Ka gaida mutanenmu na can. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka amini.