Wasiƙar makaranta zuwa ga iyaye: taro ta bidiyo, da abin da ke tare murya a hanya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon ɗalibanmu a nan Makka, da waɗanda ke Jidda, da na gida.

Da fatan kowa yana lafiya, ya kuma aiki da hidimar yara. Karatu yana tafiya, alhamdu lillahi. 'Yan ajin hadda sun shiga muraja'a, ƙanana kuma bakinsu ya fara faɗawa da baƙaƙe. Roƙonmu dai shi ne a riƙa sallamo su da wuri bayan La'asar.

Taron iyaye da malamai na wannan zangon ta bidiyo za a yi shi, a manhajar Microsoft Teams, ranar Asabar mai zuwa bayan sallar Isha'i. Dalili kuwa a fili yake: da yawa daga cikin iyaye maza suna bakin aiki a wannan lokacin, wani a otal, wani a shago, wani a kamfani, wasu yaran kuma a hannun kakanni ko 'yan uwa suke, iyayensu na Kano ko Damagaram ko Sudan. Na gida su tuna cewa agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, yana gaban na Sudan da awa 1. Ga kuma lokacin ruwa ya ƙarato. Duk ranar da hukumar ilimi ta dakatar da zuwa makaranta saboda ruwan sama, makarantun gwamnati kan koma dandalin Madrasati, wanda aka buɗe a 2020, shi ma darussansa ta Teams ake yi. Mu ma a irin ranakun nan ta Teams za mu karɓi hadda.

Kukan da muka fi ji daga iyayen da ke shiga daga wurin aiki iri ɗaya ne: "Malam, na shiga, ina ganin sunayen mutane, saƙo na tafiya, amma murya sai ta riƙa yankewa, hoto kuma ya daskare." Sai mutum ya ɗora wa wayarsa laifi, har wani ya ce zai sayi sabuwa. A yi haƙuri, a ajiye kuɗin tukuna. Idan rubutu na tafiya sumul amma murya ta ƙi, galibi ba wayar ba ce, ba kuma ƙarancin sabis ba. Katangar tsaro ce ta intanet ɗin ma'aikatar, wadda injiniyoyi ke kira fayawol, ta rufe ƙofar da murya ke bi.

Kowa a cikinmu ya san ƙofofin Harami da lambobinsu, ga ta Sarki Abdul'aziz mai lamba 1, ga ta Sarki Fahad mai lamba 79, kuma ya san wata rana askari zai buɗe wannan ya rufe waccan. To, haka bayanai ke shiga da fita a intanet, ta ƙofofi masu lamba, daga 0 har 65535. Shafukan intanet na yau da kullum ta lamba 80 da 443 suke bi, kuma kusan babu ma'aikatar da ke rufe waɗannan biyun, don in an rufe su aiki ya tsaya. Saƙon rubutu na Teams ta 443 yake wucewa, shi ya sa ba ya samun matsala. Murya da hoto kuwa ƙofofinsu daban, 3478 zuwa 3481, kuma waɗannan ne ma'aikatu da yawa ke bari a kulle.

Akwai kuma bambancin yadda ake aika kayan. Hanya ɗaya sunanta TCP, ɗayar UDP. TCP ba ta yarda ko ɗigo ya ɓace: in wani guntu ya salwanta a hanya, sai ta dakata, a sake aiko shi, sannan a ci gaba. Wannan ya dace da wasiƙa ko takardar banki. UDP ba ta jira, abin da ya faɗi ya faɗi, ta yi gaba. Magana kai tsaye wannan take so, domin kunne ba ya ma lura da ɗan guntun da ya ɓace, amma yana lura da jinkiri. Idan Teams ta tarar an rufe UDP, ba ta fasa kiran, sai ta lallaɓa ta tura muryar ta TCP a ƙofa 443. Kira ya shiga ke nan, amma da ɗingishi.

Mu da ke karɓar karatun Alƙur'ani mun fi kowa jin zafin wannan. Yaro ya taƙaita madda, malam ya ce "ja ta", kafin muryar malam ta isa yaron ya riga ya kai tsakiyar aya ta gaba. Sai ya tsaya cak, bai san inda aka gyara masa ba, ya koma baya, malam kuma a lokacin ne yake cewa "ci gaba", su yi ta karo da juna. Ƙa'idar masana sadarwa ita ce kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, wato bai kai kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa ba. Da ya zarce haka sosai, gyaran tajwidi ya zama wahala.

Gwajin ba shi da wuya. A kashe wayfay na wurin aiki, a kunna data ta layin waya, STC ne ko Mobily ko Zain, a sake shiga kiran. In murya ta washe, an gano bakin zaren. Daga nan zaɓi biyu ne: ko a yi taron da data, ko a je wurin mai kula da kwamfutocin ma'aikatar cikin ladabi, a nuna masa sakin layin da ke biye.

Teams tana buƙatar TCP 80 da 443, da UDP 3478, 3479, 3480 da 3481, masu fita waje zuwa adireshin Microsoft na 52.112.0.0/14 da 52.122.0.0/15, sannan a bar teams.microsoft.com da login.microsoftonline.com a buɗe. Ga masu yara a wasu makarantun da ke amfani da Zoom: TCP 80, 443, 8801 da 8802, da UDP 3478, 3479 da 8801 zuwa 8810. Google Meet kuwa UDP 3478 da 19302 zuwa 19309, tare da TCP 443. Idan ma'aikatar tana bi da komai ta furokzi ko VPN na kamfani, wato hanyoyin da ke fara bi da bayanai ta wata na'ura kafin su isa inda za su, a roƙe shi ya ware murya da bidiyo su fita kai tsaye.

Ku lura da kalmar "masu fita waje". Ba a neman a buɗe wata ƙofa da baƙo zai shigo ta cikinta, kiran daga ciki yake tashi. Wannan yakan kwantar wa injiniya da hankali. In kuma ya ce dokar kamfani ta hana, kada a ja da shi, intanet ɗinsu ne, amana ce kuma a hannunsa.

Abu biyu muke roƙo a guje musu, kuma a nan ba mu da sassauci. Kada wani ya kashe katangar tsaron kwamfutarsa ko ta rauta ɗin gida, wato na'urar da ke raba wayfay, gaba ɗaya wai don murya ta fita. Rauta na gida dama can yana barin kira ya fita, ba a buƙatar taɓa masa komai. Kada kuma a bar yara su sauke manhajojin VPN na kyauta. Mun san abin da ke jawo su, kiran WhatsApp ya sha yin wahala a ƙasar nan, ko da yake tun Satumbar 2017 hukumar sadarwa ta buɗe kira ta manhajojin da suka cika sharuɗɗanta. Amma VPN yana zagayawa da muryar ta wata ƙasa mai nisa kafin ta dawo, jinkiri ya ƙaru, sannan ba ka san hannun wa bayanan wayarka ke bi ba. Teams ba ta buƙatarsa.

A gida matsalar takan zama cunkoso ne kawai. Kiran bidiyo mai kyau tsakanin mutum biyu yana cin kusan megabit 1.5 a daƙiƙa, ba wani abu ba ne, amma a benen da gidaje da yawa ke raba wayfay ɗaya, kowa na kallon YouTube bayan Isha'i, sai ya gagara. A matso kusa da rauta, in yana da tashar 5GHz a hau ta. In abin ya ƙi, a kashe kyamara, murya ce muka fi buƙata.

Ranar Alhamis bayan Magariba malamin kwamfuta zai buɗe ɗakin gwaji na rabin awa, kowa ya shigo daga inda zai zauna ranar taron, da wayar da zai yi amfani da ita. Iyayenmu mata da ba su saba da manhajar ba su zo da wayoyinsu ofis, malama za ta saita musu. Za a turo mahaɗin shiga ta zauren WhatsApp na kowane aji, kuma don Allah kada a tura shi ga wanda ba ya cikin zauren.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya saka muku da alheri.

Wassalam,
Shugaban makaranta, a madadin malamai