Wasiƙa daga Bauchi kan Turancin allunan talla

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da harkokin kasuwa. Mu nan Bauchi lafiya ƙalau, sai hunturu da ya kankama. Su Hajiya duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka buɗe shago a Fatakwal rashin Turanci yake kawo maka cikas wajen ciniki, littafin nahawun da ka saya kuma da ka buɗe shi sai barci. Shawarata ka ajiye shi tukuna. Gobe idan ka fito da safe, ɗaga kai ka karanta allunan talla da ke bakin titi, sannan ka juya kayan shagonka ka karanta abin da ke jikinsu. Da su nake koyarwa a ajinmu na yamma, inda yawancin ɗalibaina 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal ne, sai masu keke napep.

Nakan ce kowa ya zo da kwalin sabulu ko gwangwanin madara ko ledar taliya. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi da ba ya taɓa ɗaga hannu a aji. Ranar da ya kawo kwalin ashana da ledar garin sabulu, ya ɗora yatsa a kan rubutun yana bi harafi-harafi, har ya karanta "Buy two, get one free" shi kaɗai. Ya cire tabarau ya ce, "Malam, ashe gyara suke nufi!" Kalmomi biyar ne kacal, amma a cikinsu ya sami aikatau biyu da ƙirga biyu, kuma ba zai manta da su ba, domin maganar kasuwa ce, abin da ya sani tun yana yaro.

Wannan gajartar tana da tarihi. Tallar farko da aka buga da Turanci ta William Caxton ce, mutumin da ya kai na'urar ɗab'i Ingila. Wajen 1477 ya buga 'yar takarda yana tallar wani littafin malaman coci, ya ce duk mai so ya zo Westminster zai samu da araha. A ƙasan takardar har da roƙon kada a cire ta daga inda aka manna. Da jaridu suka yawaita sai fili a shafinsu ya zama haja. A farkon shekarun 1840 wani Volney Palmer ya buɗe ofis a Filadelfiya ta Amurka, sana'arsa dillancin wannan fili tsakanin jarida da ɗan kasuwa. To ka ga an fara biyan kuɗi a kan kowane layi. Tallar rediyo da aka yi a Niyok a 1922, ta wasu gidaje, ta ɗauki minti 10 ana zuba bayani. Ta talabijin ta farko a 1941, ta agogon Bulova, ba ta wuce minti ɗaya ba. Tsada ce ta koya wa masu talla tace magana, su zubar da duk kalmar da ba ta kawo ciniki.

A ƙasarmu jaridar Iwe Irohin ta fara fita a Abekuta a 1859, kamfanin talla na farko kuma, West African Publicity, an kafa shi a 1928, shi ne daga baya ya zama Lintas. Amma mu ba a bakin Bature muka fara jin talla ba. Sankira yana nan tun kaka da kakanni, ga yarinya mai "A sayi ƙosai da zafinsa!", ga mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota yana jero cututtuka ba numfashi. Shi ya sa nake ganin ɗan kasuwar Bahaushe ya riga ya iya rabin darasin.

Fara da umarni: buy, try, call, save, come. Aikatau ne tsirara, babu ɗafa-goshi babu ɗafa-ƙeya, kuma su ne kake bukata a bakin kanta. Daga nan ka koma sifofi, new, fresh, strong, da yadda ake ƙara musu wutsiya su zama stronger da strongest. Tallar tana maimaita kanta a rediyo da waya da bango, don haka bitar ma kyauta ce.

Sai dai akwai inda nake tsayawa in ja kunnen ɗalibaina sosai, kai ma zan ja naka. Wannan Turanci an ƙera shi ne don ya sa hannunka a aljihu. Idan aka rubuta "washes whiter", wato ya fi fitar da fari, tambayi kanka ya fi wanne? Ba za su faɗa ba, domin abin da ba a ambata ba ba a kai shi ƙara. Idan ka ga 50% da manyan baƙaƙe, nemi "up to" da aka maƙala a gefe da ƙanana. Ma'anarsa ragin yana iya kaiwa rabi, yana kuma iya tsayawa a kashi 5. Haka "from" a gaban farashi, haka "helps" a jikin magani: yana taimakawa, ba a ce yana warkarwa ba. Wani ɗalibina mai keke ya sayi data da aka ce masa "unlimited", kwana kaɗan ta koma tafiyar hawainiya. Da muka buɗe tallar a wayarsa, can ƙasa aka rubuta "terms and conditions apply". Abin ya yi mini ciwo, don na san guminsa ne. Akwai hukumar sa ido kan talla, APCON da aka kafa a 1988 ta koma ARCON a 2022, amma ba za ta tsaya a bayanka lokacin da kake miƙa kuɗi ba.

Abu na biyu, masu talla suna karya ƙa'ida da gangan don a tuna su. Apple ya fito da "Think different" a 1997, malaman nahawu suka yi ta gardama a kai. McDonald's, kamfanin gidajen abinci na Amurka, ya zo da "I'm lovin' it" a 2003. Za ka ga lite da xtra a jikin kwalba. Ka gane su, amma kada ka rubuta su a takardar banki, kuma ka gargaɗi babban yaronka kada ya kai su jarrabawar WAEC.

Ga aikin gida. Ka rubuta wa shagonka talla da Turanci, kada ta wuce kalmomi shida, kuma kada ka sa abin da ba za ka iya rantsuwa a kansa ba. Turo mini ta WhatsApp tare da hotunan allunan unguwarku, in gyara maka, in kuma kai wa 'yan ajina, don sun ƙosa da na titinmu.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara. Idan za ka zo Babbar Sallah ka sanar da ni da wuri.

Naka amini,
daga Bauchi